Jinga da Saran Kacalla a Fadamarmu: Abin da Kuɗinmu Ya Saya

Na jinkirta wannan sharhi har sai da damina biyu ta wuce a kan aikin, domin ba ranar da aka gama jinga ake sanin ingancinta ba, sai ranar da kogi ya cika ya zo ya jingina da ita. Ni ne magatakardan ƙungiyar manoman fadama ta ƙauyenmu, wanda ke gabas da Haɗeja ta ɓangaren Kirikasamma, kuma a hannuna littafin kuɗin aikin ya zauna tun daga ranar da aka fara karo-karo har ranar da aka sallami lebura na ƙarshe. Wani ƙaramin kamfanin 'yan kwangila mai ofis a Haɗeja muka ɗauka a farkon shekarar 2023, ya yi mana abu biyu: ya buɗe hanyar ruwan da kacalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta toshe, sannan ya ɗaga mana jingar ƙasa tsakanin ruwa da gonakin shinkafa. Ba zan kama sunan kamfanin ba, saboda akwai maganar da har yanzu ba mu ƙare da su ba.

Wanda bai san yankinmu ba yana iya mamakin yadda mutanen da ke bakin hamada suke kuka da ruwa. Kakanninmu sun san kogin Haɗeja da hali guda: ya cika da damina, ya malala a fadama, ya bar laka mai taki, sannan ya janye da rani har a taka yashinsa da ƙafa. Bayan an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai ruwa ya koma gudana kusan shekara duka, ba ya cika yadda ya saba, ba ya kuma ƙafewa. Wannan ɗan ruwa mai zama wuri ɗaya shi ne abincin kacalla. Ta mamaye rassan kogin, yashi da laka suka taru a gindinta, hanyar ruwa ta cushe, kuma ruwan da ya rasa hanya dole ya nemi gonar wani. A cikin duhuwarta tsuntsayen jan-baki ke kwana su wayi gari a kan shinkafa, sauro da dodon-koɗin da ke kawo tsargiya su ma nan suke hayayyafa. Ambaliyar 2022, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Jigawa, ita ce ta kai mu bango. Ta kwashe shinkafar da ta fara fitar da kai, ta rusa gidajen ƙasa na unguwar yamma, kuma bayan ruwa ya janye wasu magidanta da suka tafi Kano ci-rani ba su sake dawowa da iyalansu ba.

Abu na farko da kamfanin ya burge ni da shi shi ne ba su yi gaggawar faɗin kuɗi ba. Injiniyansu, mutum mai ƙarancin magana da furfura a gefen kai, ya kwana biyu a ƙauyen, ya zaga fadamar da ƙafa, inda ƙafa ba ta zuwa kuma ya shiga kwalekwale. Ya zo da na'urar awon tudu da kwari mai ƙafa uku, amma kafin ya kafa ta sai da ya nemi a haɗa shi da mafi tsufan masunta. Aka kai shi wurin wani dattijo da duk garin ke kira Baba, wanda ya ja shi zuwa gindin wata giginya a bakin fadama, ya ɗora yatsa a kan wani zane da aka yi da wuƙa a jikinta, daidai ƙirjin mutum, ya ce: "Yaro, nan ruwan 2012 ya tsaya." Ya ɗaga hannu sama da taƙi guda ya nuna wani sabon zane, ya ce wannan na bara ne. Injiniya ya durƙusa ya ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, ka rage mini aikin mako guda." Daga wannan zane na sama ya ɗauki ma'aunin tsayin jingar, ya ƙara mata rabin mita. Na taɓa ganin masu awo sun zo daga birni sun yi aikinsu ba su ce wa kowa sannu ba, don haka wannan hali ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Da dare, a ƙofar gidan dagaci, ya ba mu labarin inda ya koyi sana'ar. Ya yi shekaru yana aiki a kudu, a bakin teku, kuma ya ga garin Ayetoro na ƙasar Ilaje a Jihar Ondo, wanda masunta suka kafa a 1947, teku kuma ta cinye babban ɓangarensa, gidaje da makarantu suka koma ƙarƙashin ruwa. Ya ce mu gode wa Allah da ruwan da ya ba mu, domin kogi idan ya shiga gona ya fita yakan bar taki, amma teku gishiri take bari, ƙasar da gishiri ya shiga kuwa sai ta yi shekaru ba ta karɓi iri ba. Ya ce a can abin da ya fi kare gaɓa shi ne itatuwan nan masu saiwa a waje da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, kuma duk inda aka sare su don itacen girki, nan igiyar ruwa take fara ci. Daga nan ne ya kawo shawarar a dasa jema a jikin jingarmu, ciyawar nan mai doguwar saiwa da ake zana da ita. A lokacin wasu sun ɗauka hanyar ƙara kuɗi ce kawai. Yau, cikin duk abin da muka biya, kuɗin jemar nan ne na fi ganin albarkarsa.

Batun kuɗi ba shi da daɗin ji, amma a fili aka yi shi. An raba biyan gida uku: kafin alƙalami, sai rabin aiki, sai kammalawa, kuma man katafila a wuyanmu yake. Kowane manomi ya ba da gwargwadon faɗin gonarsa, wanda ba shi da kuɗi ya ba da buhun shanshera aka sayar a kasuwa, 'yan garin da ke aiki a Kano da Dutse suka cike giɓin. Mun tambayi wasu 'yan kwangila biyu kafin mu yanke shawara, kuma ɗaya ya fi su sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai shi tara ƙasa kawai zai yi ya tafi. Kuskuren da muka yi, wanda nawa ne kafin na kowa tunda ni ke riƙe da biro, shi ne takardar yarjejeniyar ta faɗi tsawon jinga da tsayinta da faɗinta, amma ba ta ce komai ba game da wanda zai gyara ta idan ta samu matsala da damina.

Saran kacalla shi ne inda suka nuna sun san abin da suke yi. Mu a da, idan ta dame mu, wuta muke sa mata da rani, bayan mako uku ta dawo kore shar kamar an yi mata taki. Injiniya ya karya ganye ɗaya ya nuna mana cikinsa, ƙananan ramuka ne jere kamar soso, ya ce ta nan iska ke sauka zuwa saiwar da ke kwance cikin taɓo; idan aka sare ta a saman ruwa ta ci gaba da numfashi, idan aka sare ta a ƙarƙashin ruwa kututturen ya nutse, saiwar ta shaƙe. Na tsaya a bakin ruwa wata safiya ina kallon samarinmu, waɗanda kamfanin ya ɗauka aikin yini maimakon ya kawo baƙi, sun shiga ruwa har ƙugu, kowa da lauje mai doguwar ƙota, suna sunkuyawa har haɓa ta taɓa ruwa suna yanka a ƙasa, wasu a baya suna jan abin da aka sare da ƙugiya zuwa tudu. Matsattsaku sun sha jininsu ba kaɗan ba, kuma takalman roba da aka kawo ba su kai rabin ma'aikata ba, wanda sakaci ne daga kamfanin a ruwan da kowa ya san akwai tsargiya. An maimaita saran sau biyu bayan ta sake tohowa, sannan katafila ta bi tsakiyar hanyar ta yashe lakar da ta taru. Ranar da ruwa ya fara gudu a wannan reshe, kwalekwale ya tashi daga mashigin garinmu ya kai babban kogi ba tare da an sauka an tura shi ba, abin da yaran da aka haifa cikin shekara goma da suka wuce ba su taɓa gani ba.

Ginin jingar ma an yi shi da tsari. Sun fara kankare ciyawa da ƙasar sama, suka haƙa rami a tsakiya suka cika shi da laka mai danƙo, domin kada ruwa ya bi ta ƙarƙashi. Ba a zuba ƙasa tuli guda ba. A shimfiɗa taƙi ɗaya, a yayyafa ruwa, a daddanne, sannan a ƙara wani. Gefen da ke fuskantar kogi an kwantar da shi sosai, har wasu suna gunagunin ana cin gonarsu, gefen gona kuma ya ɗan fi miƙewa. Injiniya ya hana a ɗebi ƙasa kusa da gindin jingar, ya sa tifa tana ɗaukowa daga nesa, duk da cewa hakan ya ƙara mana kuɗin mai.

Lokaci kuwa ba su cika alkawari ba. Sun ce wata biyu, aikin ya ci kusan huɗu. Wani ɓangaren jinkirin ba laifinsu ba ne, domin aikin ya faɗo daidai lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da mutum ke da kuɗi a banki amma ya rasa abin biyan lebura, sannan azumi ya shigo a ƙarshen Maris aka koma aikin safiya kaɗai. Amma katafilarsu tsohuwa ce, ta lalace ta yi kwana goma sha bakwai a tsaye ana jiran kayan gyara daga Kano, mu kuma muna kallon hadari yana fara haɗuwa a gabas. Duk wanda zai ɗauke su, ya tambayi wace katafila za a kawo masa, ya je ya gan ta tana aiki da idonsa.

Yanzu ga babban ƙorafina, wanda shi ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. Jinga ba ta rage ruwa, juya shi take yi. Ruwan da a da yake bajewa a fadamarmu, da muka tare shi, sai ya matsa zuwa ƙetaren kogi, inda wani ƙauye yake da muke auratayya da su tun kaka da kakanni. A daminar 2023, wadda ba ta ma yi ƙarfi sosai a wurinmu ba, gonakinsu na bakin ruwa sun sha fiye da yadda suka saba. Suka turo dattawa uku. A zauren dagaci babbansu ya cire takalmi ya zauna ya ce: "Ranka ya daɗe, ba mu zo da faɗa ba. Kun rufe ƙofarku, ruwa ya shigo ɗakinmu, kuma jikokinku ne a ɗakin." Babu wanda ya iya ɗaga kai. Da na kira injiniya, sai ya ce ai ya san hakan na iya faruwa, amma mu ne muka ɗauke shi aiki, ba su ba. Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba, har yau kuma ba ta gamsar da ni ba. Mutumin da ya ba mu labarin Ayetoro, wanda ya san halin ruwa fiye da mu duka, kamata ya yi tun daren farko ya ce a kira mutanen ƙetare a zauna da su. Shi da bakinsa ya taɓa faɗa mana cewa a ƙasar Holan, inda ambaliyar teku ta 1953 ta kashe mutum fiye da 1,800, bayan sun gama gina manyan katangu sai suka dawo suna matsar da wasu baya a bakin kogunansu domin ruwa ya samu wurin bajewa. Ya san wannan, amma bai kawo shi cikin zanen aikinmu ba sai da aka yi ɓarna.

Gyaran da aka yi daga baya shi ne an rage tsayin jingar a wani wuri can ƙasa, inda akwai tsohon tafki da ba a nomawa, aka shimfiɗa duwatsu, yadda idan ruwa ya kai wani matsayi zai tsallaka ya zuba a tafkin. Mu muka biya mai, su suka kawo katafila ba su karɓi kuɗin aiki ba, kuma wannan na rubuta shi a ɓangaren yabonsu. Haka nan aka yi da burtali. Zanen farko ya datse hanyar da makiyaya ke bi zuwa mashaya, sai da Arɗo ya zo da kansa ya nuna inda shanu ke sauka tun zamanin mahaifinsa, sannan aka yi gangara mai faɗi a wurin aka danne ta da tsakuwa. Da an bar shi yadda yake, da kofaton shanu ya rusa jingar cikin rani ɗaya, ga kuma rigimar da za ta biyo baya.

Gwaji na gaskiya ya zo a daminar 2024. Wani dare a ƙarshen Agusta, ruwa ya hau har ya rage kamar kamu ɗaya ya kai baki, muka raba samari kashi-kashi suna sintiri da tocila. Wajen ƙarfe biyu wani yaro ya sheƙo ya ce ruwa na ɓulɓulowa ta bayan jinga. Na je na tarar da rami kamar bakin tulu, ruwan da ke fita kuma jajir yake da ƙasa, alamar yana cin cikin jingar ne; ramin gafiya ne da ba mu lura da shi ba tun rani. Na kira lambar kamfanin sau tara ba a ɗauka ba. Abin da ya cece mu shi ne wani bayani da injiniya ya taɓa yi a tsaye, kamar da wasa: kada a toshe bakin ramin ta baya, a kewaye shi da buhunan yashi kamar rijiya, ruwa ya taru a ciki ya rage ƙarfin fitowa, sannan a nemi mashigarsa ta gefen kogi. Haka muka yi, mata suna riƙe buhu maza suna zuba yashi, wani masunci ya nutsa ya lalubo mashigar ya cusa mata laka da tsumma. Kafin kiran assalatu ruwan da ke fita ya koma garau. Kamfanin bai kira mu ba sai da azahar, kuma da suka zo bayan kwana uku sun nemi kuɗin mota. A nan ne rashin wancan layi guda a takardar yarjejeniya ya cije mu.

Duk da haka jingar ta tsaya. Inda jema ta kama, ko yatsa ɗaya ruwa bai ci ba. Inda awaki suka cinye dashen tun yana ƙarami, gefen ya zaizaye har sai da muka yi gayya muka cike shi. Ƙofar kwalbatin da ke fitar da ruwan sama daga gonaki zuwa kogi ita ce mafi raunin kayan da suka sa mana, ƙarfenta siriri ne, ta yi tsatsa a shekara ɗaya, yanzu sai mutum biyu sun taru suke ɗaga ta. Wani maƙeri a Haɗeja ya duba ta ya ce zai ƙera mana wadda ta fi ta kauri.

Akwai wata shawara da suka ba mu kyauta wadda ta dace a ambata. Gonakin da suka rage a wajen jinga, injiniya ya ce a gwada musu irin shinkafa na FARO 66 ko FARO 67, waɗanda aka fitar a Nijeriya a 2017 saboda jure nutsewa, suna iya yin kusan mako biyu a ƙarƙashin ruwa su farfaɗo. Mutum huɗu suka gwada, uku sun girbe, na huɗun kuwa ruwa ya daɗe a gonarsa fiye da haƙurin irin.

Idan wata ƙungiya daga Guri ko Auyo ko Kafin Hausa ta tambaye ni, zan ce a saran kacalla da yashe hanyar ruwa ban ga wanda ya fi su ba a nan kusa, a ginin jinga kuma aikinsu mai kyau ne matuƙar an tsaya a kansu. Amma a sa sharuɗɗa a rubuce, dagaci da hakimi su shaida: cewa za a zauna da ƙauyukan ƙetare da na ƙasa da kuma makiyaya kafin a kafa turke ɗaya, cewa kashi na ƙarshe na kuɗi ba zai fita ba sai bayan damina ta farko, cewa akwai lambar da za a ɗauka da dare daga Yuli zuwa Oktoba, kuma kayan kariyar ma'aikata a wuyan kamfani suke. Ya kamata kuma a sanar da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, tunda sakin ruwan madatsun a hannunta yake, kuma tsayin da ya isa bana yana iya gazawa shekarar da aka buɗe ƙofofin Tiga a kan ruwan sama mai yawa.

Fadamar da muka yi shekaru muna noman rabinta, bana an nome ta kusan duka, an kuma bi ta da alkama da rani. Magidanta biyar cikin waɗanda suka tafi bayan 2022 sun dawo da iyalansu, ɗaya daga cikinsu ya sake buɗe injin niƙansa a bakin masallaci. Kacalla kuwa ta fara leƙowa a gefen mashigi, domin irinta iska ke ɗauka kamar audugar rimi, kuma can sama da mu babu wanda ya sare tasa. Mun sa ranar Asabar ta farkon kowane wata ta zama ranar gayya, mu da mutanen ƙetare tare, kowane gida mutum ɗaya da lauje. Takardar neman kamfanin ya canza ƙofar kwalbati da kuɗinsa tana ofishinsu tun watan Nuwamba, na je sau biyu, an ce injiniya yana wani aiki a Yobe.